Wa Ke Cike Giɓin Cefane?

Akwai wani irin magidanci da ya yawaita a cikinmu 'yan boko. Da safe yana ofis gaban kwamfuta, yana tsefe kasafin ma'aikatarsu layi-layi a Excel, kobo ba ya fita sai da takarda. Da zarar ya koma gida, in aka tambaye shi nawa iyalinsa ke ci a wata, sai ya ce Allah ne ke rufa asiri. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. A gidaje da yawa, ta hannun matarsa Allah ke rufa asirin, kuma ƙin lissafin da yake yi shi ke hana shi ganin haka.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ma'anar wannan a tukunya ita ce, cefanen da naira 5,000 ta yi a tsakiyar 2023, a tsakiyar 2024 sai 7,000. To maigidan da ya ƙara 500 kawai, yana jin ya yi abin kirki, ina ragowar 1,500 ta fito? Ta fito daga ribar zoɓo da ƙanƙarar uwargida, ko kwasar adashinta, ko albashinta in ma'aikaciya ce, ko ɗan kunnen zinaren da aka daina gani a kunnenta. A shari'ar da mafi yawanmu muka yi aure a kanta, ciyarwa wajibin miji ce, dukiyar mace kuwa tata ce. Wanda bai san abin da gidansa ke ci ba, bai san ko ya sauke wannan nauyi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin ajiye lissafin gida a manhaja ya wuce gayu. Aikin manhajar mai sauƙi ne: kana shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita, kowane kashi da gidansa, ita kuma ta tara, ta nuna maka wata da wata inda kuɗin ya bi. Abin da ƙwaƙwalwa ke mantawa da gangan, ita ba ta mantawa.

Masu ƙi suna da hujjoji, kuma ya kamata a amsa su. Na farko su ce wannan rowa ce, namiji ba ya ƙirga gishiri. Amma wa ya fi rowa, wanda ya rubuta ya ga kuɗin cefane bai isa ba ya ƙara, ko wanda ya rufe ido ya bar mace da wuta? Na biyu su ce ƙirga kuɗi na kore albarka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi. Zakka ma ba ta fita da ka: sai an san nisabi, an san cikar shekara, a cire ɗaya cikin arba'in. Addinin da ya shimfiɗa wannan bai hana kowa riƙe alƙalami ba.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi: manhajojin nan don Turawa aka yi su. Akwai gaskiya a nan. YNAB da dala ake biyan kuɗinta. Mint, wadda miliyoyin Amurkawa suka dogara da ita kyauta, kamfanin Intuit ya rufe ta a Maris 2024. Irinsu an gina su ne a kan gidan da kusan kowane ciniki ke bi ta kati, banki kuma na tura bayanin kai tsaye. Mu kuwa, bayanan asusunka na banki ko na OPay za su nuna ka tura wa mai POS naira 20,000, amma ba su san an raba ta tsakanin mai kayan miya, mai ruwa da ɗan adaidaita ba. Sannan babu inda suka tanadi gurbin gudummawar biki, ko ƙanin da ke jami'a, ko gwaggon da ta zo asibiti daga ƙauye.

Wannan dalili ne na gyara kayan aikin. Shafin Excel ko Google Sheets ya wadatar, ko kowace manhaja da ke barin mutum ya shigar da hannu ya kuma raɗa wa gurabe suna. A buɗe gurbin cefane, na wuta da ruwa, na mai, na magani, na adashi, na zumunci. Sai a kawo manyan da ke zuwa lokaci-lokaci su kama mutum a maƙoshi: haya, kuɗin makaranta na zango uku, kayan azumi, ɗinkin sallah, ragon layya. Hayar naira 600,000 a shekara 50,000 ce duk wata, ko mai gidan haya ya zo ko bai zo ba. Wanda ya ware ta tun farko ba zai faɗa hannun manhajojin bashi ba, waɗanda aka san wasunsu da aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar wanda ya kasa biya. Don haka ma, manhajar lissafin da ta nemi lambobin wayarka ko lambar sirrin katinka, goge ta.

Gurbin zumunci shi ne wanda 'yan uwa za su fi zargi, alhali shi ya fi kare su. Mai ba da kyauta ba tsari yana cika hannun wanda ya fara zuwa ranar albashi, ya kunyata gaban mara lafiyar da ya zo ranar 25 ga wata.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: kada shafin ya zama makamin titsiye. Maigidan da zai tambayi ina canjin naira ɗari, amma kuɗin datarsa, tsirensa na majalisa da kyautar burga ba su shiga lissafi ba, ya mai da ilimi zalunci. A rubuta na kowa, a zauna tare a duba a ƙarshen wata, a sa abin da mace ta cike da kuɗinta a fili da sunanta, ko a biya ta ko a gode mata. Mai mata fiye da ɗaya ya fi kowa buƙatar wannan, domin adalcin da ake auna shi da zato, ɗakin da aka fi so yake rinjaya.

Manhaja ba za ta ƙara wa kowa albashi ba, ba kuma za ta sauko da farashin shinkafa ba. Gidan da ke rayuwa a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 matsalarsa ta fi ƙarfin kowane shafi, kuma alhakin wannan na kan masu mulki. Amma kai da ke karanta wannan a wayar da ta fi kuɗin buhun masara, ka gwada wata uku kana rubutawa. Sannan ka tambayi maiɗakinka nawa take ƙarawa, ka yi shiru ka saurari amsar.