GYARA KAYANKA: Ina Sauran Ram Ɗin Kwamfuta Ya Shiga?

A wannan wata za mu amsa wata tambaya da take yawan zuwa mana daga Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, har can Doguwa. Mutum ya sayi kwamfuta a Kano, mai kanti ya ce masa Ram ɗinta giga 8 ne. Da ya kai gida ya kunna, sai ya ga an rubuta giga 7.8, ko 3.2, ko ma 4 kacal. Ina sauran ya shiga? An cuce shi ne?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta, don haka iyaye da yawa sukan sayar da buhunan masara ko shinkafa su saya wa yaro ta hannu domin ya saba. Wanda ya fito daga Riruwai kuwa, kafin ya ƙetare dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fita Kwanar Ɗangora, ya kama hanyar Kano har Titin Beirut, ya riga ya kashe yini guda da kuɗin mota mai yawa. In ya koma da fushi ya ce wa mai kanti ɓarawo, alhali laifin ba nasa ba ne, ya yi hasara biyu: kuɗin mota da zumunci. In kuma an cuce shi da gaske ya yi shiru, hasarar ta fi haka. Saboda haka ya kamata mu san yadda za mu bincika da kanmu kafin mu ɗora wa kowa laifi.

Rumbu dabam, tabarma dabam

Abu biyu ne a cikin kwamfuta waɗanda ake aunawa da giga, mutane kuwa sukan gauraya su. Na ɗaya shi ne ma'ajiya, inda hotuna da takardu suke kwana ko an kashe wuta. Wannan kamar rumbu yake. Na biyu shi ne Ram, watau ƙwaƙwalwar aiki. Shi kamar tabarmar da uwargida take shimfiɗawa a tsakar gida ne, ta ɗebo hatsi daga rumbu ta yi aikinta a kai. Da an kashe kwamfuta sai a kaɗe tabarmar, ba abin da zai saura. In tabarma ƙarama ce, tilas a riƙa kai da kawowa zuwa rumbu, aiki ya yi ta jan ƙafa. Shi ya sa ƙarancin Ram yake sa kwamfuta nauyi.

Ga yadda za a ga lissafin a Windows 10 ko 11. A danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe. A shiga Performance, a zaɓi Memory. Can sama za a ga jimillar Ram. Can ƙasa kuma akwai layi biyu masu amfani ƙwarai. Ɗaya an rubuta Slots used, yana faɗin gurabe nawa ne aka cika. Ɗayan an rubuta Hardware reserved, yana faɗin abin da aka keɓe. A rubuta waɗannan lambobi a takarda, gama su ne za su nuna mana hanya.

In giɓin kaɗan ne

Wanda ya ga 7.8 ko 7.9 maimakon 8, ko 3.8 maimakon 4, ya kwantar da hankalinsa. Ba a taɓa masa kome ba. Yawancin kwamfutocin cinya ba su da ƙwaƙwalwa ta musamman domin zana hoto a allo, sai su yanki wani abu daga Ram su keɓe wa wannan aiki. A waɗansu injuna, musamman masu AMD a ciki, yankin yakan kai giga 1 ko 2. Manomi ba ya cewa an yi masa sata don ya ware iri daga cikin amfanin gonarsa. Hatsin yana nan cikin gida, aiki dabam ne aka ba shi.

In kullum wajen giga 3 take nunawa

Wannan shi ne abin da ya fi faruwa ga tsofaffin injuna. Windows iri biyu ne, akwai mai bit 32, akwai mai bit 64. Kowane ɗan ƙwayar wuri a cikin Ram yana da lambarsa, kamar lambar gida a unguwa. Mai bit 32 lambobin da yake iya ƙirgawa 4,294,967,296 ne, watau giga 4 daidai. A cikin waɗannan ma sai an ba sauran kayan injin nasu rabon, abin da ya rage wa Ram yakan tsaya tsakanin giga 3 da 3.5. Ko an cusa giga 16 a ciki, iyakarsa ke nan. Masinja ne da bai san lambobin sababbin gidaje ba, ba zai kai wasiƙa can ba.

Domin a tabbata, a shiga Settings, sa'an nan System, sa'an nan About, a karanta layin System type. In ya ce Windows mai bit 32 ne amma injin x64 ne, to, magani ya samu: a sa mai gyara ya ɗora Windows mai bit 64. Amma fa a lura, wannan aiki sabon ɗori ne, yana iya share abin da yake ciki. A kwashe takardun makaranta da hotunan iyali zuwa wani wuri tukuna.

Har wa yau, waɗansu irin Windows 7 suna da iyaka tasu ta kamfani. Wanda ake kira Starter, na ƙananan kwamfutocin nan, ba ya wuce giga 2. Home Basic mai bit 64 yana tsayawa a giga 8, Home Premium kuma a giga 16. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ya kuma janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 da ya fito a 2021 mai bit 64 ne kaɗai, kuma ba ya karɓar injin da Ram ɗinsa bai kai giga 4 ba.

In wani ya sa mata takunkumi

Akwai wani ɗan akwati da masu karambani sukan taɓa, suna tsammani zai ƙara wa kwamfuta gudu. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta msconfig, a shiga Boot, sa'an nan Advanced options. In an ga alama a akwatin Maximum memory, a cire ta, a yarda, a kashe kwamfuta a sāke kunnawa. Akwatin nan ba ya ƙara kome, ragewa kaɗai yake yi. An yi shi ne domin masu gwaji. Kada a taɓa sauran abin da yake shafin.

In rabi ne ya ɓace

Wanda ya sayi giga 8 ya ga 4, ko kuwa ya ga abin da aka keɓe ya kai rabi, sai ya nemi shaida na biyu. Wannan shaida shi ne BIOS, shafin da injin yake da shi tun kafin Windows ya tashi. Da an kunna sai a yi ta danna F10 a injin HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. A nan za a ga adadin Ram da injin kansa ya gani. In BIOS ya ce 8, Windows ya ce 4, matsalar ta tsari ce. A kwamfutar tebur a nemi layin Memory Remap a tabbata yana kunne. In BIOS ma 4 ya gani, to, sai an buɗe ciki.

Ram ɗan siririn allo ne mai haƙora masu ruwan zinariya, ana soka shi a gurbi. Sau da yawa guda biyu ne, giga 4 da giga 4. In ɗaya bai zauna daidai ba, rabi ya tafi ke nan. Mu da muke ɗaukar kwamfuta a bayan babur bisa hanyoyin ƙauye mun san irin jijjigar da take sha. Ga ƙurar hunturu da ta sussuka, ga kuma laimar damina wadda take sa haƙoran su dushe.

Wanda hannunsa ya saba da sukurdireba yana iya gwadawa haka:

1. A kashe kwamfuta sarai, a zare waya, a cire batir in mai fita ne. A danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin sauran wuta ta fita.
2. A taɓa wani ƙarfe kafin a taɓa cikin injin, gama wutar da take taruwa a jikin mutum lokacin hunturu tana iya kashe Ram.
3. A buɗa 'yan maƙalai biyu na gefe, Ram zai ɗago da kansa. A riƙe shi ta gefe, ban da haƙoran.
4. A goge haƙoran a hankali da farin magogin fensir, a kaɗe da busasshen burushi mai taushi. Kada a sa ruwa, ko yawu, ko fetur.
5. A mayar da shi a karkace, tsagarsa ta dace da ta gurbin, a danna har a ji ƙas.

In har yanzu ba a ga sauyi ba, a gwada su ɗaya ɗaya. A sa na fari shi kaɗai a kunna, sa'an nan na biyu shi kaɗai a gurbi ɗaya ɗin. Wanda injin ya ƙi tashi da shi, shi ne matacce. In dukansu sun yi aiki a gurbi na fari amma sun ƙi a na biyu, gurbin ne ya lalace, sai a sayi Ram guda babba a sa a mai lafiyar. Windows ma yana da nasa gwaji: a rubuta mdsched a wurin da aka rubuta msconfig, zai kashe injin ya auna Ram ya ba da labari.

Amma wanda kwamfutarsa take da takardar garanti, kada ya kwance ko noti ɗaya. Haka kuma waɗansu sababbin injuna sirara, Ram ɗinsu a manne yake da babban allon ciki, ba ya fita.

In an ƙara Ram amma bai karɓu ba

Kowane inji yana da iyakar abin da yake ɗauka, da irin da yake ci. DDR3 yana aiki da bolt 1.5, DDR3L da 1.35, DDR4 da 1.2. DDR3 da DDR4 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kada a tilasta. Amma DDR3 da DDR3L kamarsu ɗaya, suna shiga gurbi ɗaya, ga shi kuwa akwai injunan da ba su karɓar kome sai mai L ɗin. Kafin a saya, a karanta takardar da take manne a jikin tsohon, ko a tafi da injin kanti a gwada a gaban mai kaya.

Rumbu da mudu biyu

Game da ma'ajiya kuma, lissafin dabam ne. Wanda ya sayi mai giga 500 zai ga 465, mai giga 1,000 zai ga 931. Ba a rage kome ba, mudu ne ya bambanta, kamar yadda tiyar wannan kasuwa takan fi ta waccan. Masu ƙerawa suna lissafin giga ɗaya bait 1,000,000,000, Windows kuwa yana lissafinsa 1,073,741,824. Hatsi ɗaya ne, sai dai babban mudu yakan ba da ƙaramin adadi.

A wayoyin hannu kuma a lura da rubutun kwali. In an ga giga 8 amma kusa da shi an rubuta 4+4, Ram na gaskiya 4 ne, sauran aro ne daga ma'ajiya, ba ya kuwa da saurin na ainihi.

In cuta ce fa?

In an bi waɗannan duka, aka tarar gurbi ɗaya ne cike, takardar jikinsa kuma ta ce 4GB, alhali kuɗin 8 aka biya, to, magana ta fito. Ko a nan ma a je da natsuwa, gama mai kanti da kansa yakan sayi injuna da yawa a haɗe bai buɗe kowanne ba. A tafi da rasit da lambobin da aka rubuta, a ce, "Malam, ga abin da muka yi ciniki a kai, ga kuma abin da na tarar." Mai gaskiya zai cika ko ya rage kuɗi. In ya ƙi, a kai maganar gaban shugabannin kasuwar.

Rigakafi dai ya fi magani. Kada a biya kuɗi sai an kunna injin a kanti, an buɗe Task Manager an gani da ido. A sa mai kanti ya rubuta adadin Ram da na ma'ajiya da lambar injin a rasit. In za a kai gyara, a duba lambobin tare da mai gyaran kafin a bar masa, a sāke dubawa ran karɓa. Yin haka ba rashin yarda ba ne, yana kāre mai kaya, yana kuma kāre mai gyara daga zargi. A koya wa yaran gida su ma, tun da su ne suka fi zama da injin.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake kiyaye batir da caja a gidan da yake aiki da janareto ko sola. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku. Allah ya kai mu lafiya.