Hunturu da Wuyan Jita

Tun da hunturu ya sauka, ƙorafin da muke ji daga samarin da ke kaɗa jita mai lantarki a coci-coci da wuraren biki, daga nan Saboba har Yendi, iri ɗaya ne: wai wuyan jita ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da yatsu, ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuyan kuma suna yankar hannu. Wasu har sun jingine tasu a lungu, sun ce ta mutu. Mu dai a ganinmu yawancin jitocin nan da sauran ransu, in dai ba a yi musu gyaran ƙarfi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A nan kuwa, a watan Janairu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Jitar da aka sayo a Kumasi ko Ankara ta saba da laima, da ta iso arewa sai katakon ya fara tsukewa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Ga tsirkiyoyi shida suna jan wuyan dare da rana da nauyin da ya kai kilo 45. Mai kologo a Bawku bai san wannan wahala ba: sanda ce da tsirkiya biyu, in ta karye ya fafe wata.

A cikin wuyan akwai doguwar sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistarta a 1921. A nan ake yin ɓarna mafi yawa. Kafin ka taɓa ta, sai ka auna. Danne tsirkiya mai kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe a lokaci guda, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na 7 ko na 8. Kamata ya yi katin karta ɗaya ya shige da ƙyar. In tazarar ta fi haka, sassauta tsirkiyoyi, ka juya sandar dama. In babu tazara sam, hagu za ka yi. Rubu'in zagaye kawai, sannan ka bar ta ta kwana, gobe ka sake aunawa. Katako ba ya son gaggawa. In ka ji ta cije, tsaya. Wanda ya sa ƙarfi ya tsinke sandar, sai an ɓamɓare allon wuyan gaba ɗaya, kuma aikin yakan fi kuɗin jitar.

A kula da mabuɗin ma. Alankin da aka aro wurin mai gyaran babur, in bai zauna daram ba, cinye bakin notin zai yi. Jitocin Amurka da inci ake auna nasu, na Sin da Indonesiya kuwa galibi milimita 4 ko 5 ne.

Ƙarafan da suka turo baki, magagari mai laushi ke maganinsu. A manna tef a gefen katakon, a goge a hankali. Yanzu ne lokacin yin haka, da katakon ya gama tsukewa. Ƙarfen da ya ɗago kuma, ɗigo ɗaya na sufa gulu a ƙarƙashinsa, a danne da guntun katako. In allon ya tsage, a cika tsagar da garin katako mai launinsa, a ɗiga gulun, in ya bushe a bi da samfefa.

Karayar kai ita ce mai tayar da hankali, musamman a jitocin da kansu ya kwanta baya irin na Gibson, waɗanda faɗuwa ɗaya daga jikin bango ta ishe su. Mun sha ganin inda aka buga ƙusa ko aka naɗe da waya. Haba! Karayar da ba a taɓa ba ta fi sauƙin ɗori. A cire tsirkiyoyi, kada a kankare bakin karayar, a zuba farin gulun kafinta har ya ratsa ciki, a haɗa, a ɗaure tam da robar tiyub ɗin keke, a bari awa 24 ko fiye kafin a kwance. Ɗorin da aka yi da kyau ba kasafai yake sake buɗewa a wurin ba.

Masu jita samfurin Fender sun fi sa'a. Tun 1950 kamfanin ya riƙa ɗaure wuya da sukurori huɗu, saboda haka ana iya musanya shi. Sai dai kafin a aika Tamale neman wani, a auna daga mazaunin tsirkiya na kai zuwa ƙarfe na 12, a ninka biyu. Na Fender milimita 648 ne, na Gibson wajen 628. In aka haɗa wanda bai dace ba, duk ƙwarewar makaɗi sautin ba zai daidaita ba.

Af, wani ya tambaye mu ko kafinta zai iya fafe sabon allo da itacen gida. Zai iya. Kanya dangin baƙin itacen nan ne da Turawa ke yin allon da shi, maɗaci kuma ɗan'uwansa na kurmi ana yin wuyan jita da shi. Madobiya ma za ta yi, amma ita an yi mata kisan kiyashi a arewacin Ghana don kai wa Sin, har aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES a 2017. A nemi tsohon guntu da ya shekara a bushe, kada a sare ɗanye.

Kada a shafa man ja, man kaɗe ko baƙin mai a allon. Danƙo za su yi su kama ƙura. A ajiye jita cikin akwatinta nesa da zafin kwanon rufi, tare da soso mai ɗan danshi a cikin gwangwanin sabulu da aka huhhuda. Da ruwan farko ya sauka a cire soson, a sake auna wuyan da katin nan, don sau da yawa sai an ɗan sassauta sandar idan damina ta zauna.