Lafiya Uwar Jiki: Farcen ƙafa da daminar Duwala

A wannan makon zan sauko ƙasa ne, can inda ba mu cika dubawa ba, wato farcen ƙafa. Kada wani ya ce ƙaramar magana ce. Ɗan kasuwa da ƙafarsa yake nema, ranar da ta ƙi takuwa kuma ranar ba ciniki.

Mu da muka taso a arewa, kaushi da faso muka sani lokacin hunturu. A Duwala abin ya sha bamban. Ruwan da ake yi a nan ya haura milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na Kano, kuma ya fi tsanani a Yuli da Agusta. Wanda ya fito daga New Bell da asuba ya nufi Sandaga sauke tumatir da albasa, wuni zai yi cikin caɓi da ruɓaɓɓen ganye. Ga alwala sau biyar, a idar a zura ƙafa cikin takalmin roba da danshinta. Wannan danshin ne ke sa tsakanin yatsu ya yi fari yana ƙaiƙayi, daga nan cutar ta shiga farce, ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, ya riƙa marmashewa.

Maganin farko ba ya cin ko sefa ɗaya. Yadda muke tsettsefe yatsu wajen alwala, mu bi su da ƙyalle mai tsabta mu tsane. In da hali a yi takalmi biyu, yau wannan gobe wancan, a canza safa kullum. Man kaɗanya a diddige za a shafa shi, ban da tsakanin yatsu.

Sai yanka. A bari sai bayan wanka, lokacin farce ya yi laushi. A yanke shi a miƙe, kada a ƙwaƙule gefe, domin ƙwaƙular ce ke sa ya tsiro cikin nama ya tara ruwa. Addini ma ya yi mana iyaka: kada a bar shi ya wuce kwana 40.

To, masu yankan farce da ke zagaya rumfuna suna kaɗa almakashi fa? 'Yan uwanmu ne, halal ɗinsu suke nema, ban ce a guje su ba. Amma almakashi ɗaya ya bi ƙafa nawa kafin ya iso kanka? Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a jikin ƙarfe da ranta, kuma ɗan ruwan kumfar nan ba ya kashe ta. Kamaru ta sa rigakafin wannan ciwo cikin allurar jarirai a 2005, ke nan yawancin manyanmu ba su samu ba. Shawarata, Alhaji, ka sayi almakashinka ka ajiye a rumfa. In ya zo ka miƙa masa naka, ka biya shi haƙƙinsa. Reza kuwa sabuwa, a buɗe ta a gabanka.

Babban jan kunnena ga masu ciwon suga ne. Ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa, a yanke mutum bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, wani har ya kai ga rasa yatsa. Hajiya, ki riƙa duba ƙafar maigida da dare, har ƙarƙashinta. Ke ma kafin ki sa lalle ki duba farcenki, don lalle yana ɓoye canjin launi. In an ga kumburi, ko wari, ko baƙi, a tafi asibitin gundumar New Bell ko Laquintinie a ranar, kada a tsaya ɗaura magani a gida.

Wanda farcensa ya riga ya lalace kuma ya yi haƙuri da maganin likita. Farcen babban yatsa yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin sabo ya gama fitowa, don haka kada a yar da magani bayan wata guda a ce bai yi ba.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.