A Tambayi Bankuna: Ina Rumbu Na Biyu?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, ku tuna da farkon shekarar 2023, sa'ad da aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane, aka tilasta wa mai tumatir da mai goro da mai awon hatsi su riƙa karɓar ciniki ta waya. Ba a yi shawara da mu ba, amma mun bi. Yau dukiyar ɗan kasuwa, wadda da can ta ke cikin lalitarsa, ta koma lambobi a cikin kwamfutar wani kamfani wanda ko ƙofar babban ofishinsa bai taɓa gani ba. Tun da haka ne, tilas mu tambaya yadda a ke tsaron waɗannan lambobi, da kuma wanda ke da ikon taɓa kwamfutar da su ke ciki.

Abu biyu ne ke riƙe da amanar nan. Na farko shi ne kwafin ajiya, watau ko wace rana a kwafe dukan abin da ke cikin kwamfuta a ajiye a wani wuri dabam, domin in ta ƙone ko ta lalace a ɗauko a mayar. Shi ne rumbu na biyu. Na biyun kuwa shi ne sabunta manhaja. Manhaja ita ce karatun da a ke ɗura wa kwamfuta don ta san aikinta, masu ƙera ta kuwa kullum suna aiko da gyara. A manyan kamfanoni ba mutum ne ke bin kwamfuta ɗaya ɗaya yana sa mata gyaran ba. Doka a ke rubuta wa na'ura, a ce mata duk gyaran da ya zo ta raba shi ga kwamfutoci kaza a lokaci kaza, ita kuwa sai ta zartar cikin dare kowa na barci. In dokar mai kyau ce, alheri ya game ko'ina. In kuwa ta ganganci ce, kafin asuba ɓarna ta game ko'ina.

Ga abin da ya auku ran Jumma'a 19 ga Yuli 2024. Wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike, wanda sana'arsa ita ce tsare kwamfutocin manyan ma'aikatu daga ɓarayi, ya aika da wani ɗan gyara ga abokan cinikinsa gaba ɗaya. Ashe da aibu a ciki, na'urar da aka ɗora wa aikin dubawa kuwa ta bar shi ya wuce. Minti 78 kacal ya yi kafin a janye shi, amma cikin wannan ɗan lokaci kwamfuta wajen miliyan 8.5 suka ƙi tashi, bisa ga lissafin kamfanin Microsoft. Jiragen sama suka tsaya, bankuna suka rikice, likitoci a Ingila suka kasa buɗe takardun marasa lafiya. Kamfanin jirage na Delta shi kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana 5, ya ce hasararsa ta kai dala miliyan 500. Abin da na'ura ta ɓata cikin sa'a guda da 'yan mintoci, sai da mutane suka yi kwanaki suna bin galibin kwamfutocin da hannu kafin su farfaɗo. Bayan ɓarna ta auku, sa'an nan kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa aika gyara kashi kashi, ya fara da 'yan kaɗan ya ga yadda za ta kaya. Haba jama'a! Ko mai tuwon sayarwa takan ɗanɗana miyarta kafin ta zuba wa mutane.

Wani zai ce ai da kwafin ajiya, in abu ya ɓace sai a ɗauko. To, ku ji labarin Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan. A watan Disamba 1921 ba a san kwamfuta ba, amma a Disamba 2021, shekara ɗari bayan haka, masanan jami'ar nan sun zuba wahalarsu duka a cikin wata babbar kwamfuta. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise, wanda ke kula da ita, ya tashi sabunta manhajar da ke yin kwafin ajiya, ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa alhali tsohuwar tana cikin aiki. Wani sashe na aikinta shi ne share tsofaffin takardun da ba su da sauran amfani. Da ta rikice sai ta shiga share na gaske. Cikin kwana biyu takardu wajen miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14 suka tafi, waɗansu kuwa har abada. Kamfanin ya amsa cewa laifin nasa ne duka. Ku duba fa, mai gadin rumbu shi ne ya cinna masa wuta, don an canja masa fitila cikin gaggawa ba a gwada ba.

Labari na uku ya fi kusa da mu, domin kamfanin Maersk na ƙasar Danmak ne, wanda akwatunansa na ƙarfe ke sauka a tashar Apapa ta Ikko da kayan da mu ke sayarwa. Ran 27 ga Yuni 2017 waɗansu mugaye suka cusa cuta a cikin gyaran wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren, gyaran kuwa ya shiga kwamfutoci kai tsaye yadda ya saba. Daga kwamfuta ɗaya cutar ta bi ofisoshin Maersk na duniya ta cinye. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci masu yawa da ke riƙe da rajistar ma'aikata da mabuɗan shiga, ko wace tana kwafar 'yar'uwarta, sun ɗauka wannan ya isa tsaro. Amma da ya ke duk a haɗe su ke, rana ɗaya suka mutu tare. Abin da ya cece su shi ne wani ofishinsu a nan Afirka ta Yamma inda aka ɗauke wuta, kwamfutar wurin tana kashe sa'ad da cutar ta wuce. Ita kaɗai ta tsira, aka ɗauki abin da ke cikinta a jirgin sama zuwa Ingila, da shi aka tada kamfanin. Shugabansu ya faɗa da bakinsa a 2018 cewa sai da suka sake ɗura wa manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 manhaja cikin kwana 10, hasara kuwa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Rashin wutar da mu ke kuka da shi kullum, shi ya fitad da su kunya. Wane mai hankali zai jingina dukiyar mutane ga irin wannan sa'a?

Kada wani ya ji wannan ya ce to, a daina sabunta manhaja mana a huta. Wannan ma halaka ce. A watan Maris 2017 Microsoft ya fitad da gyaran wata kafa da ɓarayi ke iya bi, ma'aikatu da yawa suka yi sakaci ba su sa ba. Da Mayu ya zo, cutar da a ke kira WannaCry ta bi ta kafar nan ta shiga asibitocin gwamnatin Ingila, aka soke ganin likita wajen 19,000. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyara tilas ne a yi shi, kuma a kan lokaci. Abin da mu ke ƙi shi ne a yi shi da ka, a kan kowa da kowa dare ɗaya, ba gwaji, ba hanyar komawa baya.

Yanzu mu dawo gida. A watan Oktoba 2024 waɗansu manyan bankunan ƙasar nan, har da Zenith da GTBank, suka canja manhajar da ke riƙe da asusun mutane. Canjin ba laifi ba ne, kaya in ya tsufa a kan sake shi. Amma jaridu sun cika da kukan masu ajiya waɗanda suka yi kwanaki ba su iya aika kuɗi ko karɓa ba. Ku kun san abin da wannan ke nufi a kasuwa. Mai saye ya ce ya turo, an kuwa cire masa, mai sayarwa ya duba waya bai ga kome ba. Ya saki kaya ne, ko ya riƙe? In ya saki, jarinsa ya tafi a kan bakin mutum. In ya riƙe, an yi faɗa da abokin cinikin shekara goma. Mai atamfa zai iya jira, amma mai tumatir da mai kifi da mai nono fa? Kayansu ba su san ana sabunta manhaja ba. Attajiri yana da asusu a banki biyar, manaja kuma yana amsa wayarsa ko da tsakar dare ne. Talaka kuwa layi zai bi cikin rana, a ce masa ya cika takarda ya dawo mako mai zuwa. Duk da haka ko wane aike da ya yi sai an yanki ladan banki a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A waɗansu ƙasashe ba a barin irin wannan ya wuce a banza. A watan Afrilu 2018 bankin TSB na Ingila ya kwashe asusun mutanensa zuwa sabuwar manhaja ba tare da cikakken shiri ba, jama'a suka yi makonni cikin wahala. Bankin ya biya mutanen da abin ya shafa diyya fiye da fam miliyan 32, sa'an nan a Disamba 2022 hukumomin ƙasar suka ci shi tarar fiye da fam miliyan 48. Mu ma ba doka muka rasa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane su tsare su daga ɓacewa ko lalacewa, ta kuma ambaci tanadin mayar da su cikin hanzari in wani hatsari ya auku. Wanda zai tsaya ya ga an bi dokar, shi muka rasa. Masu mulki da masu bankuna a tebur ɗaya su ke cin tuwo, shi ya sa kukan kasuwa ba ya kai musu kunne.

Saboda haka ga abin da mu ke nema, muna kuma kira ga wakilai a majalisa da Babban Bankin Nijeriya su mai da shi sharaɗi a kan ko wane banki, da kamfanonin aika kuɗi ta waya, da ko wace ma'aikatar gwamnati mai riƙe da albashi ko fansho ko takardun filaye.

Na ɗaya, ko wane bayani ya zama yana da kwafi uku, a wuri fiye da ɗaya, ɗaya daga ciki a wani gari dabam, kuma a yanke shi daga intanet yadda cuta ko kuskuren manhaja ba za su kai gare shi ba.

Na biyu, a riƙa gwada kwafin. Manomi ba ya jiran ranar shuka kafin ya san ko gara ta cinye irinsa. Aƙalla sau biyu a shekara a ɗauko kwafin a tada aiki da shi a gaban masu binciken hukuma, a rubuta sa'a nawa abin ya ci, a buga a jarida kowa ya gani.

Na uku, kada a taɓa manhajar da ke yin kwafin ajiya sai an keɓe cikakken kwafi a gefe tukuna, an kuma tabbata sabuwar tana iya karanta abin da tsohuwar ta ajiye.

Na huɗu, ko wane gyara a fara shi da kwamfutocin gwaji, sa'an nan reshe ɗaya ko biyu, sa'an nan sauran, tare da dakatawa a tsakani. A rubuta wa na'ura cewa in ta ga kwamfutoci sun fara faɗuwa ta tsaya da kanta. A kuma san sunan babban ma'aikacin da ya sa hannu, don ranar da abu ya ɓaci kada a shafa wa ƙaramin akawu kashin kaji.

Na biyar, a sanad da jama'a tun da sauran mako biyu, da Hausa da sauran harsunanmu, a gidajen rediyo, ba da Turanci kaɗai cikin saƙon waya ba. Kada a sa babban canji a ƙarshen wata lokacin albashi, ko a makon Salla ko na Kirsimati.

Na shida, duk wanda kuɗinsa ya maƙale fiye da kwanakin da aka yanka, a biya shi diyya ba sai ya kai ƙara ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, kafin masu mulki su farka, ku yi wa kanku rumbu na biyu. Kada ku jefar da littafin bashi don kun sami waya. Abin da ke cikin waya a rubuta shi a takarda ko wane mako, littafin kuwa kada ya kwana a rumfa, domin wutar kasuwa ba ta sallama. Wanda ya sami hali ya buɗe asusu a wuri biyu, ya kuma riƙe ɗan abin cefane a hannu. Shugabannin ƙungiyoyinku su rubuta wa manajan bankin da ke cin cinikin kasuwarku, su tambaye shi yaushe bankinsa ya gwada kwafinsa na ƙarshe, kuma sa'a nawa zai ɗauka ya dawo da aiki in kwamfutarsa ta mutu. Mutum ɗaya in ya tambaya dariya za a yi masa. Kasuwa guda in ta tambaya da murya ɗaya, ta kuma ce za ta kwashe ajiyarta in ba a amsa ba, manaja da kansa zai tako har rumfa.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku ɗora masa waɗannan sharuɗɗa shida, ku ji ta bakinsa a gaban jama'a. Kuɗin nan guminku ne, wanda ya karɓi amana kuwa tilas ya nuna inda ya ajiye ta. Allah ya ba talaka sawaba, amin.