Daga Madafin Baƙunta: Tsumman Goge Kwano

'Yan uwana matan fatake, na Duwala da Yawunde da Kumasi da Kwatano da duk inda neman halal ya kai mu. Yau hirar tamu a kan abin da ba mu ɗauka a bakin komai ba ce: me muke yi da kwanuka bayan mun gama wanke-wanke?

A gidanmu na Kano ban taɓa ganin Inna ta goge kwano ba. In an ɗauraye, sai a kife su a babban kwando a ɗora kan dakali. Da hunturu kafin ki share tsakar gida sun bushe ƙayau. Iska da rana ke yi mana aikin, mu kuwa ko godiya ba ma yi musu.

Da aure ya kawo ni Duwala, unguwar Nyu Bel, sai na tarar da wata duniya. Ruwan saman da ake yi a nan ya ninka na Kano sau uku ko huɗu. Daga Yuli zuwa Satumba sai a kwana a wuni ana tsugawa, iskar kanta jiƙe take. Ki kife samira da daddare, da asuba ki tarar da ruwa kwance a gindinta. Ga maigida zai yi sammakon kasuwar Mboppi, yana jiran a zuba masa abinci a kula. Sai na yanki tsohuwar atamfa na rataye a ƙusa bayan ƙofar madafi. Da ita nake goge faranti, da ita nake sauke tukunya, in hannuna ya jiƙe ita, in miya ta ɗiga a tebur ita. Ni a ganina tsafta nake yi.

Yarona na biyu yana da wata goma sha huɗu ya fara gudawa. A yi magani ta tsaya, bayan sati biyu ta dawo. Maƙwabta suka ce haƙori ne, wata ta ce baki ne. Yaro ya rame, idonsa ya faɗa, ni ma barci ya ƙaurace mini. Zuwanmu asibiti na uku wata nas dattijuwa ta zaunar da ni tana yi mini tambayoyi. Ruwan sha? Na ce ina tafasawa. Wanke hannu? Da sabulu. Kofin yaro? Na ce ina wanke shi tas, in goge. Ta ce, "Da me?" Na faɗa mata. Ta ce, "Yaushe rabon tsumman nan da ya bushe?"

Wallahi na rasa amsa. Da na koma gida na sunsuna shi, sai da na kawar da kai.

Ga abin da na fahimta tun daga ranar. Ƙwayoyin cuta abu uku suke so: danshi, ɗumi, da ɗan guntun abinci. Tsumman madafi a gari irin Duwala ya haɗa duka ukun. In sun sami yadda suke so, wasunsu cikin minti 20 sun ninka yawansu. Wato sabulu ya kore su daga faranti, ni kuma na ɗauko tsumma na mayar da su da hannuna. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Kuma garin nan ba baƙon amai da gudawa ba ne. Waɗanda suka daɗe suna ba da labarin kwalarar 2004 har gobe.

To in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ba rana, ba hunturu, yaya za a yi kwano ya bushe? Ga abin da ya yi mini aiki.

Ɗaurayar ƙarshe da ruwan zafi nake yi. Kwanon da ya ɗauki zafi da kansa yake korar ruwan jikinsa, musamman na silba da tangaran. Ragowar garwashin girki ya isa ya zafafa buta guda. Roba ce mai taurin kai, ba ta riƙe zafi, don haka sai an yarfe ta sosai kuma a ba ta lokaci.

Na daina cusa kwano cikin kwano. In kika jera su jiƙe ɗaya cikin ɗaya, ruwa ya sami ɗaki, kwana biyu sai wari. Faranti a tsaye, kwano a kife amma a karkace, bakinsa ya ɗan ɗaga don iska ta shiga. Kula da murfinta kowa daban, kada a rufe sai cikin ya bushe. Wannan warin da maigida ke cewa shinkafa tana yi da azahar, sau da yawa daga nan yake.

Kwandon ya bar ƙasa. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, ga kaji, ga ruwan kwata in an yi ambaliya, ga kyankyaso da ɓera da dare. Kafinta ya buga mini ɗan tebur mai ramuka daidai ƙuguna, na sa shi kusa da taga. In akwai wuta na juya masa fanka. Da sun bushe in rufe da yadin raga saboda ƙuda, ko in jera a kabad.

Muciya, ludayi, ƙwarya da katakon yanka nama sun fi kowa shan ruwa. A tsaye nake jingine su, ranar da rana ta leƙo kuma su ne farkon fita. Wanda ya yi baƙin fumfuna a tsagarsa, haƙuri kawai, a sake wani. Soso ma a matse shi a rataye, kada ya kwana cikin ruwan kumfa.

Na san akwai ranar da ba makawa sai an goge: baƙi sun cika gida, ko ana suna, faranti bai isa ba. Don irin wannan na ware ƙyalle huɗu na auduga, ba sa taɓa komai sai wankakken kwano. Wanda ya yi aiki yau, yau za a wanke shi, a tafasa ko a jiƙa a ruwan jabel, a shanya, in ya ƙi bushewa a bi shi da dutsen guga. Bakin zani kuwa da gefen hijabi, don Allah mu bari. Kofin yaro da cokalinsa ko da ƙyalle mai tsabta ba na gogewa, iska kawai.

Lafiya ta Allah ce, amma tun da na jefar da tsumman nan zaryar asibiti ta yi sauƙi, yaro ya mayar da jikinsa. Yanzu har makaranta yake zuwa.

Ku kuma iyayen gida, Alhazai, kuna wuce masu sayar da kwandon kife kwanuka kullum a kasuwa.  A taimaka a riƙo mana.

Da Inna ta zo ganin jikoki bara, ta tsaya ta dubi teburin nan da kyau, ta ce, "Ashe sai da kika ƙetare ƙasa kika koyi abin da kika tashi kina gani." Na ce, "Inna, a can ai rana ce ke yi, nan kuwa sai da dabara."

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan, ki je bayan ƙofar madafinki ki sunsuna abin da ke rataye.