Awa 48 da kwana 10: lissafin da kowane gida ya kamata ya riƙe



Da wuya mako ya wuce ba a kira mu a rediyo ba: "An kama yarona tun ran Juma'a, har yau ba mu san halin da ake ciki ba." In munka tambaya ƙarfe nawa anka kama shi, sai shiru. Ba wanda ya duba agogo, kowa ya bazama neman wanda ya san wani babba. A ganinmu, tun daga nan muke fara asara.

Ɗan sanda ko jandarma na da ikon tsai da mutum a hanya ya nemi katin ɗan ƙasa ko takardun babur. Mu tsaya, mu nuna, ba gardama. In anka ce tara, mu biya amma mu karɓi resi.

In abin ya kai ga tsarewa a kwamisariya, wato gardabi, dokar shari'ar laifuka ta Nijar ta sa iyaka: awa 48. Ana iya ƙara wasu 48 ɗin, amma sai da izinin furokire, mai gabatar da ƙara. Laifin ta'addanci dai lissafinsa daban ne, ya fi haka tsawo. Wa'adi na cika, ko a saki mutum, ko a kai shi gidan shari'a tare da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarsa ba. Kuma tun 2014 ƙa'idar UEMOA ta ba lauya damar tsaya wa mutum daga lokacin da anka kama shi.

Gidan kaso kuwa, kwamishinan 'yan sanda ba ya tura kowa can da bakinsa. Sai da manda depo, takardar da alƙali ko furokire ya sa wa hannu.

Lissafi na biyu ya fi ciwo. In kotun laifuka ta yanke hukunci a gaban mutum, kwana 10 gare shi ya ɗaukaka ƙara. A ofishin girefiye ake bayyanawa, wanda ke tsare kuma yana iya yi daga gidan kason. Amma mu me muke yi? Kwana uku kuka, kwana huɗu taron dangi, sannan a saida akuya a fara neman lauya. Kafin a farga ƙofa ta rufe, kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ko Tawa ko Yamai ba za ta saurare mu ba. Alhali ga ANAJJ, hukumar da anka kafa a 2011 don marasa hali su samu mai kare su.

Wasu za su ce, malam, doka a takarda take. Gaskiya ne ana taka ta. Amma an fi taka ta inda anka ga ba wanda ke ƙidaya. Uban da ya zo da ladabi ya ce "ranka ya daɗe, awa 48 ta cika, an sanar da furokire?" ba a kallonsa kamar wanda ya zo da jikka biyar a aljihu yana roƙo.

Don haka ran da ƙaddara ta faɗa, kafin a kira kowa, a rubuta rana da ƙarfe nawa.

Allah ya tsare mu da tsautsayi.