Filin Gyaran Harshe: Tambayoyi Huɗu Kan Ingilishi

Iyaye da dama sun aiko da tambayoyi kan Ingilishin da ƴaƴanmu ke fara koyo a ajin farko na koleji. Mun lura yawancin kurakuran tushensu ɗaya: yaro ya yi tunani da Hausa ko Faransanci, sannan ya jera kalmomin Ingilishi a kan wannan tsari.

Ta farko, faɗin shekaru. Bahaushe yana cewa "ina da shekara 15", Bafaranshe ma "j'ai 15 ans". Harsunan biyu sun yi ittifaƙi, shi ya sa yaro ke rubuta "I have 15 years". Daidai shi ne "I am 15 years old".

Ta biyu, aro. A Hausa da mai bayarwa da mai karɓa duk aro suke yi. Ingilishi ya raba su kamar yadda Faransanci ya raba "prêter" da "emprunter": "lend" na mai bayarwa, "borrow" na mai karɓa. Saboda haka "ara mini littafinka" shi ne "lend me your book".

Ta uku, "depuis". Idan an ambaci mafarin lokaci, "since" ake sawa: "since 2019". Idan tsawonsa aka ƙirga, sai "for": "for five years". A duka biyun "I have lived here" ake cewa.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari. "Passer un examen" zaman jarrabawa ne kawai, a ci ko a faɗi. Amma "pass an exam" cin jarrabawar ne. Ɗalibin da ya zauna bakaloriya bai samu ba, in ya rubuta wa wata jami'ar Nijeriya ko Ghana "I passed the exam", ya shaidi abin da bai faru ba. Ranar da aka nemi takardar shaida, za a ɗauke shi maƙaryaci alhali bai yi nufin ƙarya ba. Abin da zai rubuta shi ne "I sat the exam".

Shawararmu ga iyaye: kada wasiƙar neman karatu ko aiki ta bar gida sai wanda ya san harsunan biyu ya duba ta. Mumini yana kiyaye alƙalaminsa kamar yadda yake kiyaye bakinsa.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai fitowa ta gaba, in sha Allahu.